Ranar da Baba Nomau Ya Kashe Ni a Nahuce

Ba zan taɓa mantawa da wani yammaci a Nahuce ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, Allah ne shaida. Abubuwa masu amfani da yawa sun zube daga kaina, har baitocin da na haddace ina saurayi yanzu sai na yi lalube kafin in kamo su. Amma wannan yammacin yana nan daram, ya ƙi tsufa.

A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta maganar mulkin kai a bakin 'yan boko. Ni kuwa na baro garinmu Kucheri, can ƙasar Tsafe, na zo Gusau neman ilimi wurin wani malami mai karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa. Da safe in ɗauki karatu, in rubuta fassarar da ajami a gefen takarda. Da rana in yi ɗinkin wuyan riga in sami na tuwo. Wani attajirin gyaɗa ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, daura da inda ake ɗaure jakuna. In gaskiya za a faɗa, da jakunan nan na fi yin hira.

Kada a ce mutanen Gusau sun wulaƙanta ni. Ina ma wulaƙancin ne, da na sami wanda zan yi cacar baki da shi in ji sanyi. Girmama ni suka yi. Ɗan rawani na naɗa, ga gafaka a rataye, shi ke nan kowa sai "Malam". In na doso taro ana dariya, sai a yi tsit, a gyara zama, a ce, "Malam, barka da yamma," a jira in wuce. Ina ba da baya dariyar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ga ni saurayi, ban daɗe da wuce ashirin ba, ina son a zolaye ni in rama, amma an mai da ni kamar masallaci: kowa ya zo kusa sai ya rage murya.

To, akwai wata majalisa a gindin ceɗiya kusa da tashar mota, da ke cika bayan la'asar. Sai na tsiri kai buzuna can gefe da ɗinkina, wai hasken wurin ya fi. (Hasken duk ɗaya ne da na ƙofar ɗakina. Muryoyin mutane nake so.) Manyan bakin majalisar su biyu ne: Arzika mai goro, da Tunau direban lorin da ke jigila tsakanin Gusau da Bungudu. Zancensu kuwa, a fara da tsadar gishiri ko da sabon Jojin da Turawa suka turo, ƙarshensa ɗaya ne: Baba Nomau.

Baba Nomau mahauci ne a Nahuce, ta ƙasar Bungudu, tsohon ɗan dambe. Da ƙarfi ya ja baya sai ya koma horar da samari. Shi ke ɗaure musu hannu, shi ke duba abokin karawa, shi ke cewa a shiga ko kada a shiga. Babban yaronsa a lokacin wani ne wai shi Jaɓɓi. Tunau ba ya son a taɓa Baba Nomau ko da fure. Arzika kuwa in bai soki tsohon nan ba a yini, goronsa ba ya masa daɗi.

"Ni dai ku gaya mini," in ji Arzika, yana yayyafa wa goro ruwa, "yaushe rabon da yaron Nomau shi yi kisa? Mutum shi bar sana'atai, shi hau mota, shi tai Nahuce, a yi ta zagaye-zagaye har rana ta faɗi, a ce babu kisa. Wanga dambe ne ko rawa?"

Tunau ya ce, "Kai kuma gaya mini yaushe rabon da a kashe yaron Nomau. Ka taɓa ganin gwiwar Jaɓɓi ƙasa? Ka taɓa?"

(Ga wanda bai sani ba, kisa a dambe ba na rai ba ne. Da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa a cikin fage, an kashe ka, magana ta ƙare. Ni ma a gindin ceɗiyar nan na koya.)

"Ina za ta taɓa ƙasa, tunda ba a barinai shi kara da maza? Da Nomau ya hangi ƙato ya fito, sai ka ji, 'Ban ba da yarona ba.' Tsoro ne, Tunau, ka kira shi da sunanai."

"Tsoro! Kai da ko akuya ta yi tari sai ka rungume faifan goro? Ɗiyan mutane ne anka ba shi amana. Shi ka kai su rairayin gulbi suna gudu har ƙafafunsu su koma kamar turame. Sai shi miƙa su a fasa musu kai don kai ka ji daɗin kallo?"

"Ƙafa! Da ƙafa aka dambe? Garkuwa, garkuwa, garkuwa, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya koya musu tare fuska, ya mance da sakin mashi."

Garkuwa ita ce hannun da ba a ɗaure ba, wanda ake kare kai da shi. Mashi shi ne ɗaurarren, wanda ake naushi da shi. Sai sauran jama'a su rabu biyu. Wani ya ce tsohon yana fifita ɗan ƙanwarsa. Wani ya ce ƙarya ne, shi da idonsa ya ga ya zaunar da ɗan ƙanwar tasa kaka guda cur don ya yi girman kai. Wani ya ce ya san jikin yaro fiye da uwar da ta haife shi, wani ya ce ai zamaninsa ya wuce. Haka za a yi ta yi har ladan ya raba su, gobe a ɗora.

Ni kuwa kaina kan hadda ne. Duk abin da aka faɗa sai ya zauna. Ban taɓa ganin dambe da idona ba, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya hana mu ko leƙen fage. Cewa yake duk inda ka ji kalangu, Shaiɗan ya riga ka shimfiɗa tabarma. Amma ban daɗe ba na haddace hujjojin Arzika da na Tunau kamar yadda ake haddace farillan alwala. Har takan kai in na koma gida in tsaya bayan ɗaki, in miƙa hagu, in dunƙule dama, in yi ta gwadawa. Jakuna na kallona suna tauna.

Ran nan Tunau ya ƙure Arzika. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Kaina na kan ɗinki na ce, "Ai garkuwa ba ta cin gari. Wanda bai saki mashi ba, ko ya kwana a fage, kallo ya je."

Maganar Arzika ce ta kwanakin baya, na ɗan sake mata riga. Amma sai duk majalisa ta juyo.

"La'ilaha illallahu!" in ji Arzika. "Ashe Malam ɗan hannu ne! Matso, Malam, matso nan. Ku ba shi wuri." Ya zaɓo farin goro ya ɓara ya miƙo mini. "Ina ka yi naka damben?"

Nan ne ya kamata in ce ban taɓa ko gani ba. Sai na yi murmushi na ce, "Kucheri ai ba a rasa maza." (Ku duba fa, ban yi ƙarya ba. Ɗalibin fiƙihu ya san inda iyakar take, ya kuma san yadda ake tsayawa daidai a kanta.)

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin Gusau kamarsu ba. Ina cikin tabarma, ba gefe ba. Tunau har ya ce mini, "Kai Malam, rufe mana baki," na kwana ina jin daɗin maganar. Da aka gama girbi sai ya zo da labari: za a yi dambe a Nahuce, Jaɓɓi zai fito. Ya dube ni ya ce, "Malam, da kai za mu." Tun da na sauka garin nan ba wanda ya taɓa ce mini da kai za mu ko'ina. Na gaya wa malamina zan je ziyara wajen Bungudu. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A cikin lori, ashe, Arzika ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu cewa malamin nan da suke gani tsohon ɗan dambe ne daga Kucheri, tuba ya yi ya kama littafi. Ina ganin ana leƙena ana jinjina kai, na ɗauka rawanin ne.

Mun yi la'asar a Bungudu muka ƙarasa. Fagen wata gona ce da aka girbe. Ba igiya, ba shinge, mutane ne kawai suka yi da'ira. Inda ƙafafun 'yan sahun gaba suka tsaya, nan fage ya fara. Aka zaunar da ni a sahun gaba tsakanin Arzika da Tunau. Kalangu na tashi, ni kuma ina istigfari a zuci ina kaɗa ƙafa.

Tunau ya zungure ni. "Ga shi can."

Ni da nake zaton zan ga ƙato mai cika ido, sai na ga ɗan tsoho siriri, da furfura, kunnensa ɗaya a murɗe. Yana tsugune yana naɗa wa wani saurayi zare a hannu a hankali, kamar uwa na yi wa 'yarta kitso. Saurayin shi ne Jaɓɓi. Ƙirjinsa kamar ƙyauren zaure.

Jaɓɓi ya kara da wani mutumin Kekun Waje. Aka yi turmi uku, wato karo uku, babu kisa. Kada ku tambaye ni yadda aka yi, don duk sanda aka kai naushi rufe ido nake. Jaɓɓi ya dawo ya zauna a bakin fage, ɗan gaba da mu kaɗan, yana mai da numfashi.

Arzika ya hau. "Ka gani ko, Tunau? Ka gani da idonka? Sau nawa mutumin ga ya buɗe fuska, yaronku na tsaye yana gadin garkuwa?"

"An taɓa shi? Na ce an taɓa shi?"

Arzika ya juyo gare ni. "Malam, don Allah tashi ka gwada mishi yadda aka yi, ni na gaji."

Na tashi. Wayyo ni, na tashi. Na naɗe hannayen riga a kafaɗa, na miƙa hagu, na dunƙule dama, daidai yadda na saba yi wa jakuna. Na ɗaga murya don na kusa su amfana. "Ga garkuwa nan, ka gani? In ya buɗe, ba jira ake ba. Sai ka tako, ka tako, ka ƙara takowa, ka saki!"

Duk "tako" da na faɗa, sai da na taka. Da na saki kuwa, sai na tsaya hannuna a miƙe, a dunƙule, don kowa ya ga yadda ake yi. Na duba ƙarshen hannun nan nawa, sai ga hancin Jaɓɓi.

Abin da hadda ba ta koya mini ba, don ba wanda ya taɓa faɗarsa a majalisa saboda kowa ya sani, shi ne wannan: duk wanda ya shiga fage ya miƙa wa ɗan dambe dunƙulallen hannu, to ya neme shi ke nan. Ba a yi da wasa, ba a kuma janyewa.

Kalangu ya ɗauke, sa'an nan ya dawo da wani irin kiɗa mai sauri. Maroƙi ya kwarma ihu: "Jama'a, ku gyara! Na Kucheri ya aje alƙalami ya nemi Jaɓɓi! Tsohon hannu ya tuna gida!" Wuri ya ɗauka. Kafin in ce wani abu, wani ya zare mini rawani, wani ya tuɓe mini riga ta kai. Sai ga damatsana a fili kamar sillen kara. Wata mai ƙosai ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, ɗan mutane!" Na waiga neman ceto wajen Arzika, sai na gan shi yana tsalle yana cewa, "Ku bar shi! Irin siraran nan su ka kisa!" Wallahi har zuciyarsa ya yarda. Tunau ne kaɗai ya buɗe baki yana dubana, ya fara ganewa.

Jaɓɓi ya miƙe a hankali. Ya yi ta miƙewa, kamar ba zai gama ba. Na kama Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a tsakiyar addu'ar cin abinci. Na tuna mahaifina. Na tuna ba wanda ya san inda nake sai malamin da na gaya wa ziyara.

Sai ga Baba Nomau ya taso, ba gaggawa. Ya dafa ƙirjin Jaɓɓi ya mai da shi baya, ya zo ya kama wuyan hannuna kamar mai dubawa. Ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, ka taɓa yi?"

"A'a, Baba."

"To mi ya kawo ka cikin fage?"

"Magana ce, Baba."

"Awo," in ji shi. "Ita ka kawo mutane."

Ya saki hannuna, ya juya ga jama'a ya ɗaga murya: "Ban ba da yarona ba! Jaɓɓi ya yi turmi uku, ya gaji. Wanga kuwa da ƙarfinai ya zo. Ban ba da shi ba."

Wuri ya rikice da sowa. "Ya sake! Ya sake halin!" "Tsoro!" Muryar Arzika ta fi ta kowa: "Har Malam ma tsoronai kake, Nomau? Tunau, ka ji da kunnenka!" Tsohon nan ya tsaya yana shan zagi, ko gezau. Abin da muka daɗe muna sukarsa da shi a gindin ceɗiya, shi ya yafa mini ya rufa mini asiri.

Ku lura da kyau, a wannan lokacin na tsira, har da riba. Rigata kawai zan ɗauka in koma mazaunina, in zama mutumin da Baba Nomau ya hana Jaɓɓi karawa da shi. Da na ci wannan suna a Gusau har in mutu.

Amma ni ɗan gidan malamai ne. Tun ina yaro aka horar da ni cewa in dattijo ya yi maka alheri ba a gode masa a tsaye. Jikina bai shawarce ni ba. Na zube a gabansa gwiwa biyu, na dafa ƙasa da hannu, na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

A tsakiyar fage.

Sai maroƙi ya fasa ihu: "Ya kashe shi! Nomau ya yi kisa! Ba mashi, ba garkuwa!" Kalangu ya ɗauka. Mutane na faɗuwa kan juna. Mai ƙosai ta zauna dirshan. Jaɓɓi ya yi dariya har yana share hawaye da ɗaurarren hannunsa. Baba Nomau ya dube ni daga sama, kafaɗunsa na girgiza, ya ce, "Kai, ɗana. Na fisshe ka, ka mai da kanka." Ya ɗaga ni, ya karɓo rawanina ya miƙa mini. Ban iya naɗa shi ba, a hammata na riƙe.

Da za mu koma na ce iska nake so, na hau can bayan lori kan buhunan auduga. Ba wanda ya ce in dawo ciki. Arzika ko dubana bai yi ba. Na ba shi kunya a gaban Tunau, abin da ya fi zagi ciwo a wurinsa. Ina jin dariya na tasowa daga gaba, tana lafawa, tana sake tasowa, har muka shiga Gusau.

Washegari a wurin karatu malamina bai ɗago kai daga littafi ba ya ce, "An ce ka yi ziyara. Allah ya karɓa." Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Iyakar abin da ya ce ke nan, amma da bulala ya sa da ta fi mini sauƙi.

Na daina bin hanyar tasha. Na koma zagayawa ta bayan gari, ta wajen marina. Rani ya shigo, attajirin ya tura jakunansa fatauci, bayan gidan ya zama ni kaɗai. Kaɗaicin farko mai sauƙi ne, don a lokacin ban san daɗin a ce mini rufe mana baki ba. Bayan la'asar sai in zauna ƙofar ɗaki da allura, in riƙa yin gardamar ni kaɗai a zuci, in yi Arzika in yi Tunau. A duka biyun ni nake kayar da kaina.

Sai dab da faɗuwar ruwa zaren ɗinkina ya ƙare, mai irinsa kuwa a bakin tasha yake. Na ja rawani na rufe rabin fuska, na bi ta gefen ceɗiya ina sauri. Sai na ji muryar Tunau: "Da wani ne, da ya bari an fasa ma Malam kai don a yi kallo. Wanga shi ne horo, shi ne sanin ya kamata!"

Arzika ya ce, "Kisa guda a kaka guda, shi ma na malami, shi ma da godiya! Wanga kake yabo?" Ya ɗago kai sai muka haɗa ido. "Af! Ga ma gawar nan ta taso. Malam, ina ka shiga? Zo zauna, kai ne hujja."

Ashe duk watannin da na yi ina ɓuya, ina cikin majalisar kullum. Tunau na kafa hujja da ni, Arzika na rushe ta da ni. Na zauna, aka yi ta yi a kaina ina tsakiya, kamar akuyar da ake ciniki. Daga ranar sunana ya koma Kisan Nomau, har na bar Gusau. Ba a ƙara neman ra'ayina a kan dambe ba, ko sau ɗaya. In na buɗe baki sai Tunau ya ce, "Matacce ba shi magana."

Baba Nomau ban sake ganinsa ba. Bayan shekaru na ji rasuwarsa, na yi masa addu'a, har yau kuma ina yi. Arzika da Tunau su ma sun riga mu gidan gaskiya, ba su daidaita a kansa ba. Yanzu ba wanda ya rage da zai kira ni da sunan nan, kuma abin mamaki, ina kewarsa.

Abin da na tsira da shi dai kaɗan ne. In ana gardamar abin da kunnena kawai ya sani, nakan zauna a kan hannuwana har a gama. In kuma wani ya yi mini alheri zan gode masa, nakan fara duba inda nake tsaye.